Batir Biyu da Faifan Sola: Ina Wutar Take Ɓacewa Idan An Yada Zango a Daji?

Duk shekara a watan Satumba, idan damina ta fara ja da baya, Abzinawa da Fulani Wodaɓe sukan hallara a Ingal, yamma da Agadas, domin bikin da ake kira Cure Salée. Ba raƙuma da shanu kaɗai ke zuwa ba. Motoci ma suna cika wurin, Hilux da Land Cruiser na 'yan kasuwa da malaman dabbobi da 'yan jarida da masu zuwa kallo. Mota takan tsaya kwana uku a wuri ɗaya, firji na aiki a bayanta, ana cajin wayoyi, ana kunna fitila da dare. Ranar tafiya sai a murɗa makulli a ji shiru, ko a ji kik yana ƙyas-ƙyas. A gari wannan ƙaramin abu ne, ka kira mai caji ko yara su tura maka. A cikin rairayi, inda tura mota mai shan gas ba wasa ba ne, magana ce ta rai.

Wannan ne ya sa masu kwana a daji suke saka batir biyu, kuma suke ɗaukar faifan sola. Sai dai na sha ganin wanda ya kashe kuɗi ya haɗa duka, amma firjinsa na mutuwa kafin asuba, shi kuma abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne ya ƙaro faifai. A ganina, sau da yawa faifan ba shi da laifi. Wutar tana ɓacewa ne a tsakanin faifan da batirin, kuma idan ba a gano inda take yoyo ba, ƙarin faifai zuba ruwa ne a kwando.

Mu fara da batiran kansu. Batirin da ke tayar da inji an ƙera shi da faranta na dalma sirara masu yawa, domin ya ba da wuta mai ƙarfin gaske na daƙiƙa biyu ko uku, daga nan altaneta, na'urar da ke samar da wuta idan inji na aiki, ta mayar masa da abin da ya bayar. Ba ya jure a tatse shi a hankali har ya ƙare. In aka yi masa haka 'yan lokuta, ya tafi ke nan. Batir na biyu, wanda zan riƙa kira batirin zango, farantansa masu kauri ne, an yi shi ne don a sha wutarsa sannu a hankali a sake cika shi sau ɗaruruwa. Shi ne zai ɗauki firji da fitilu da fanka da cajin waya. Na farkon amana ne, ba a taɓa shi sai don tashin inji.

A kula da wani abu a nan. Wasu Land Cruiser masu shan gas suna zuwa daga kamfani da batir biyu a cikin bonet, manyan motoci kuma suna jera biyu su ba da bolt 24. Waɗannan duka na tashin inji ne, a haɗe suke, in ɗaya ya sauka ɗayan ma ya sauka. Ganin batir biyu a mota ba ya nufin akwai tsarin da muke magana a kai.

Abin da ke mayar da su tsari shi ne mai raba tsakaninsu. Mafi sauƙi shi ne makunni na hannu, ka haɗa su idan kana tafiya, ka raba su idan ka tsaya. Aibinsa mantuwa, kuma daren da ka manta shi ne daren da za ka wayi gari da matattun batir biyu. Na gaba da shi wata 'yar na'ura ce mai sauraron ƙarfin wuta, ana rubuta VSR a jikinta. Idan inji ya tashi, altaneta ta ɗaga wuta zuwa kamar bolt 13.3, sai ta haɗa batiran biyu su sha caji tare. Idan inji ya mutu wuta ta sauko zuwa kamar 12.7, sai ta raba su. A tsofaffin motoci, waɗanda altanetarsu ke riƙe bolt 14 da 'yan kai muddin inji na aiki, wannan ya wadatar, ga arha ga sauƙin gyara. Matsalar ta zo ne da sababbin motoci. Da yawansu kwamfutar mota ce ke juya altaneta, tana sauke wutar da gangan zuwa ƙasa da bolt 13 don rage shan mai. Sai na'urar ta ɗauka inji a kashe yake, ta ƙi haɗawa, ka yi tafiyar awa biyar batirin zango bai sha komai ba.

Maganin wannan shi ne cajar da ake kira DC-DC. Ita tana karɓar duk abin da altaneta ta bayar, ko 12.5 ne ko 14, ta ɗaga shi zuwa daidai abin da batirin zango ke so, kuma ta ƙayyade yawan wutar, misali amfiya 20 ko 25 ko 40. Kamfanin Redarc na Ostireliya, inda al'adar ratsa daji da mota ta yi ƙarfi, da CTEK na Suwidin da Victron na Holan suna cikin sanannun masu ƙera irin waɗannan kaya. Wasu daga cikin cajojin suna da ƙofa ta biyu da ake shigar da sola kai tsaye. Zan dawo kan wannan ƙofar, domin a bakinta mutane da yawa suke tuntuɓe.

Kafin a sayi faifai ko ɗaya, sai an yi lissafin cin rana guda. Ɗauki firjin mota mai lita 40 zuwa 50. Idan injinsa na juyawa yana jan kamar amfiya 4. Ba kullum yake juyawa ba, amma a zafi irin namu, ana buɗewa ana rufewa, a ce yana aiki rabin yini da dare, awa 12. Amfiya 4 sau awa 12, 48 ke nan, ana rubuta shi 48Ah. Fitilu uku masu wat 5 na awa biyar, kamar 6Ah. Wayoyi shida, kamar 7Ah. 'Yar fanka mai jan amfiya ɗaya da rabi ta kwana tana juyawa awa takwas, 12Ah. Jimla ta kusa 75Ah a rana.

Yanzu dubi batirin da aka rubuta wa 100Ah. In na dalma ne, ko mai ruwa ko irin rufaffen nan da ake ce wa AGM, rabin abin da aka rubuta kawai ya kamata ka ci idan kana son ya yi maka shekaru. Wato 50Ah. Daga la'asar sakaliya zuwa hantsi, lokacin da sola ba ta ba da abin kirki, kayan da muka lissafa za su ci kusan wannan hamsin ɗin cif. Ka ga tun kafin a yi maganar rana, batirin yana kan gaɓa. Na litiyom, irin da ake rubuta wa LiFePO4, yana ba ka 80 zuwa 90 cikin ɗari na abin da aka rubuta, nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, yana kuma karɓar caji da sauri. Tsadarsa ce ke korar mutane, ga shi kuma yana da sharuɗɗa. Ba a ajiye shi a bonet saboda zafin inji. Ba a cajinsa idan sanyi ya kai digiri sifiri, abin da wanda ya taɓa kwana a duwatsun Ayar ko wajen Bilma a watan Janairu ya san ba tatsuniya ba ce. Kuma bai dace da VSR ba, domin ko yana hutawa wutarsa tana zaune a wajen bolt 13.2, sama da inda na'urar ke rabawa, sai ta bar batiran a haɗe. Bugu da ƙari yana iya zuƙar wuta daga altaneta fiye da ƙarfinta har ta yi zafi. Mai litiyom ba shi da mafita sai DC-DC.

To, sai faifan. Lambar da ke bayansa, a ce wat 100, an auna ta ne a ɗakin gwaji, da haske mai ƙarfin wat 1000 a kan kowace murabba'in mita, faifan kuma yana kan digiri 25. Hasken muna da shi. Yankin Sahel yana samun abin da ya kai awa biyar da rabi zuwa shida na cikakkiyar rana a kullum, Agadas ma ta fi haka. Abin da ba mu da shi shi ne digiri 25. Faifan da ke kwance a rana tsaka yakan kai digiri 60 zuwa 70, kuma kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage masa kamar kashi 0.4 cikin ɗari. A digiri 65 ya riga ya yi asarar kashi 16. Mutane da yawa suna zaton ranar da ta fi zafi ita ce ta fi ba da wuta. Haske faifai ke ci, zafi kuwa cutarsa yake yi. Shi ya sa wanda aka shimfiɗa a kan rairayi mai ƙuna, ko aka manna shi a jikin rufin mota ba tare da iska na ratsa ƙarƙashinsa ba, yake kasa wanda aka ɗaga a kan ƙafafu.

Ka ƙara ƙura, musamman lokacin hunturu da hazo ke dushe rana, ka ƙara asarar wayar wuta da ta kwantirola, na'urar da ke daidaita caji tsakanin faifai da batir, abin da ke isa batir bai cika wuce kashi 70 na lissafin takarda ba. Wat 100 sau awa biyar da rabi 550 ke nan, kashi 70 ɗinsa 385, in ka raba da bolt 13 ka sami kamar 30Ah a rana. Mai cin 75Ah da faifan wat 100 yana cin bashin 45Ah kullum. Da wat 200 yana samun 60, bashin ya ragu zuwa 15, zai iya kai kwana biyu ko uku kafin ya ji a jikinsa. Sai a wat 250 zuwa 300 lissafin ke tsayawa da ƙafarsa. Duk wannan kuma idan hanyar da wutar ke bi lafiya take.

Ga inda na fi son a tsaya a duba da kyau. Faifan wat 100 irin na bolt 12 ba bolt 12 yake fitarwa ba. Ƙarfinsa na aiki kamar bolt 18 ne da amfiya 5.5, in kuma ba a haɗa shi da komai ba mita za ta nuna kusan 22. Shi ya sa ba a taɓa haɗa shi kai tsaye da batir, zai dafa shi. Kwantirola ce ke shiga tsakani, kuma iri biyu ce. Mai arha, PWM, jawo faifan take yi ƙasa zuwa ƙarfin batir. Amfiya 5.5 ɗin nan za su wuce, amma a kan bolt 13.5, wato wat 74, ragowar ta tafi a banza. Ɗayar, MPPT, tana barin faifan a inda ya fi ƙarfi, ta juya rarar bolt ɗin ta koma amfiya, sai batir ya sami kusan 7 idan gari da sanyi. A zafinmu tazarar tana raguwa, domin faifai mai zafi ƙarfinsa na saukowa daga 18 zuwa wajen 15.5, rarar da za a juya ba ta da yawa. Don haka mai ƙaramin faifai ɗaya da PWM mai kyau bai yi babbar asara ba.

Wanda ya yi asara shi ne wanda ya shiga kasuwa ya ɗauko babban faifan gida, mai wat 300, saboda ya fi arha a kan kowane wat, ya haɗa shi da PWM. Irin wannan faifai yana aiki ne a sama da bolt 30 da amfiya kamar 9. PWM za ta jawo shi ƙasa, amfiya 9 sau 13.5, wat 120 kacal daga cikin 300. Ya biya kuɗin buhu ya tafi gida da abin da bai kai rabi ba. Babban faifai sai MPPT, kuma sai an karanta iyakar bolt ɗin da take karɓa. Ta Victron da aka rubuta wa 75/15, alal misali, tana karɓar har bolt 75 ta fitar da amfiya 15. Amma ƙofar sola ta cajojin DC-DC na mota yawanci ƙarama ce, wasu iyakarsu bolt 23, wasu 32. Faifan gida da ke nuna kusan 40 a buɗe ya fi ƙarfinsu.

Tunda mun dawo bakin wannan ƙofa, ga ɗayan tuntuɓen. Faifan da ake naɗewa kamar akwati, wanda aka yi don matafiya, yakan zo da 'yar kwantirolarsa a manne a baya. Idan ka ɗauki wayar da ta fito daga cikinta ka soka a ƙofar sola ta DC-DC, ka jera kwantirola biyu ke nan. Ta farkon tana neman batir ba ta gani ba, ta biyun tana neman ɗanyen faifai ba ta samu ba. Sakamakon ko dai babu caji sam, ko yana zuwa yana ɗaukewa. Dole a zaɓi ɗaya, ko a tsallake ta bayan faifan a kai ɗanyar wuta zuwa DC-DC, ko a bar ta a kai wayarta kai tsaye kan batirin zango.

In da zan zaɓa, tsallake ta zan yi, saboda wurin zaman kwantirola kusa da batir ne, ba kusa da faifai ba. Dalilin yana cikin waya. Mai zango yana son motarsa a inuwa, don firji ya huta shi ma ya huta, faifai kuma yana son rana. Sai a ajiye mota a gindin adduwa, a ja waya mita 10 zuwa fili. Mita 10 zuwa da dawowa mita 20 ce. In wayar jan ƙarfe ce mai kaurin murabba'in milimita 2.5, kuma faifan wat 200 na tura amfiya 11, bolt ɗaya da rabi zai narke a hanya. Idan kwantirola tana can bayan faifai, za ta fitar da 14.4 ta ɗauka aiki na tafiya daidai, alhali abin da ke isa batir bai kai 13 ba. Idan ma tana kusa da batir, faifai mai zafi da ke kan 15.5, a cire ɗaya da rabi, saura 14, ƙasa da 14.4 da batirin dalma ke bukata ya cika. Rana na dukan faifai tun safe, batir kuma yana jan ƙafa. Da wayar mai kaurin 6 ce, asarar za ta tsaya a wajen bolt 0.6. Akwai kuma wayar da ke yawo a kasuwa wadda alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe. A kankare bakinta da wuƙa, in cikin ya fito fari a ajiye ta. Wata dabarar, ga mai MPPT da ke karɓar bolt mai yawa, ita ce a jera faifai biyu masu wat 100 ɗaya bayan ɗaya, bolt ya ninka zuwa 36, amfiya ta tsaya a 5.5, asarar waya ta koma kashi ɗaya cikin huɗu na da.

Batir na dalma da ke yini yana kwana ba tare da ya cika ba, wani farin gishiri ne ke daskarewa a kan farantansa, a hankali ya daina karɓar caji. Yawancin batiran zango da ake cewa jabu ne, yunwa ce ta kashe su. Zafi ma na cinsu, domin kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana rage rayuwar batirin dalma da kusan rabi. Kashi ɗaya cikin biyar na ƙarshen caji kuma a hankali yake shiga, yana ɗaukar awoyi, shi ya sa tayar da inji na rabin awa da safe ba ya cika shi, sai dai ya ɗan farfaɗo da shi. A wannan aikin na sannu-sannu ne sola ta fi inji.

Inuwa kuwa, ko kaɗan ce, illarta babba ce. Ƙwayoyin faifai a jere suke kamar raƙuman ayari da aka ɗaure da igiya ɗaya, in ɗaya ya durƙusa sauran sun tsaya. Inuwar reshe guda, ko ta tayar safaya da ke kan rufi, ko rigar da aka shanya a gefe, tana iya cinye kashi ɗaya cikin uku ko rabin wutar. Game da fuskantarwa, mu a nan rana kusan a tsakar ka take wucewa, don haka ɗan karkatawa kaɗan zuwa kudu ya isa a mafi yawan shekara. A Kano ma daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana ɗan bi ta arewa ne da tsakar rana. Abin da ya fi amfani ga mai faifan hannu shi ne ya juya shi sau uku, gabas da hantsi, a kwance da azahar, yamma da la'asar, ya kuma goge shi da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Wajen haɗawa, batir ake fara haɗa wa kwantirola, sannan faifai, domin daga batir take gane ko tsarin na bolt 12 ne ko 24. Wajen kwancewa faifai ake fara cirewa. Kowace wayar da ta fito daga kan batir mai alamar ƙari tana bukatar fiyus dab da batirin, kuma wayar da ta haɗa batir biyu tana bukatarsa a kai biyun, tunda kowane ɓangare na iya tura wuta. Wayar da ta goge da ƙarfen mota a kan hanya mai gargada, ba fiyus, gobara ce, kuma galibi kusa da jarkokin mai. Batir mai ruwa ba a ajiye shi a inda mutane ke kwana, saboda iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kamawa da wuta. Inbata kuma, mai juya wutar batir ta koma irin ta gida, a yi hattara da ita. Tana cin kashi 10 zuwa 15 a wajen juya wuta, tana ci ko ba a soka mata komai ba, butar lantarki mai wat 1500 kuwa za ta ja sama da amfiya 125 daga batir. Shayi aikin gawayi ne ko gas ɗin girki.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Wasu VSR suna sauraron ɓangarorin biyu. Idan sola ta ɗaga batirin zango ya haura 13.3, sai su haɗa, batirin inji ma ya sami rabonsa, rana na faɗuwa su raba. Wasu cajojin DC-DC ma suna ɗiga wa batirin inji kaɗan bayan na zango ya ƙoshi. Ga motar da za ta yi mako a tsaye, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ya kamata a tambaya kafin a saya.

Yadda za ka san gaskiyar tsarinka shi ne da 'yar mitar hannu, amma ba da rana ba. Da rana kowane batir yana nuna 13 da wani abu, domin wutar sola kake aunawa. Lokacin awo bayan sallar asuba ne, kafin rana ta fito, ka kashe firji na ɗan lokaci. Batirin dalma cikakke yana nuna 12.6 zuwa 12.7, a 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 kuma ana cutar da shi. Na litiyom ba ya faɗin gaskiya ta wannan hanya, yana nan wajen 13.2 har ya kusa ƙarewa, sai da na'urar da ke ƙirga amfiyar da ta shiga da wadda ta fita. Ka rubuta awon safiya uku a jere. In lambar na sauka kullum, da azahar ka auna bolt a bakin faifai, ka auna a ƙofar kwantirola, ka auna a kan batir, inda tazarar ta fi faɗi nan za ka fara kwancewa.